Ranar da Na Sa Aka Kashe Turaren Amarya Saboda Furosesa

Ba zan taɓa mantawa da lambar nan ba, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta: 0.79. Sifili, ɗigo, bakwai, tara! A jikin kwamfutata an rubuta 3.2, takardar da aka manna ma tana nan, ban ɓare ta ba don gayu. Amma da safen ranar da za a kai yayata Yagana gidan mijinta a Kano, abin da allo yake nuna min ke nan, 0.79, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ku tsaya, na san na faro muku daga tsakiya. Bari in koma baya kaɗan.

Ga wanda bai sani ba (kada ku ji kunya, ni ma ba da daɗewa na sani ba), furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wani ɗan abu ne da bai kai akwatin ashana ba, amma duk lissafin da ake yi a ciki shi yake yi. Da gigahaz ake auna gudunsa. In ka ga 3.2, to mota ce a kan kwalta. In ka ga 0.79, motar nan ce dai, amma jaki ne yake jan ta. Ni duk wannan ba wanda ya koya min, a waya na koya, bidiyo bayan bidiyo har data ta ƙare. A layinmu a Moduganari, nan Maiduguri, Injiniya ake ce min, tun ranar da na gyara wayar wani maƙwabcinmu. (Kashe ta na yi na kunna. Ban faɗa masa ba.) Sunan ya shiga kaina sosai, har in an kira ni da sunana na gaskiya sai in yi kamar ban ji ba.

To ga yadda abin ya faro. Kakarmu, wadda ta haifi Mama, tana garin Khaddamari, can wajen Maiduguri. Ita ta riƙe Yagana tun tana ƙarama har ta shiga sakandare, shaƙuwarsu ba a magana. Da biki ya matso sai ƙafar Kaka ta ƙi, gwiwa ta kumbura, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Aka ce ba za ta zo ba. Yagana kuma an riga an sa ta a ɗaki ana gyaran jiki, dilka da su halawa, ba fita. Na shiga na same ta tana kuka, ta ce, "Yanzu haka zan tafi Kano ban ga Kaka ba?"

Ni kuwa na bugi ƙirji na ce, "Yaya, kina da Injiniya a gida kike kuka? Wallahi sai kin ga Kaka kafin ki taka mota. A talabijin ma za ki gan ta, babba, kamar tana falo."

Ta share hawaye ta ce, "Ka yi alkawari?" Na ce na yi.

Na hau mota na tafi Khaddamari. Na zaunar da Kaka a kan tabarma a inuwar bishiyar maina, na saita waya, na ce ta yi wa Yagana magana. Ta fara, da Kanuri. Ni kuma Kanurina na kasuwa ne: gaisuwa, tambayar farashi, da zagi kala biyu. In na natsu ina tsintar magana, amma ranar ina na ga natsuwa? Hankalina yana kan haske. Rana ta faɗo mata a kumatu, akuya ta shigo ta baya, ina ta "Kaka ɗan karkato, Kaka ɗaga haɓa." Ta yi maganarta har da hawaye, ni ina murna hawayen ya fito da kyau a kamara. Da zan tafi ta miƙo min wata kwalba a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta ce in ba Ya Kaltum, yayar Mama, wadda ita ce uwar bikin. Na kawo na miƙa mata, ban tambayi ko mene ne ba.

Na zuba bidiyon a kwamfuta, na goge shi daga waya don wuri ya cika (ku riƙe wannan). Sai na zauna haɗa fim. Da a ce maganar Kaka kawai na bari da an wuce wurin. Ina! Na sa hotunan Yagana tana yarinya, na sa furanni suna zubowa, na sa tantabaru biyu suna tashi, sannan a farko na sa "Injiniya" da ruwan zinariya yana juyawa yana walƙiya. Duk kwanakin nan ba wuta a unguwa, don haka kullum sai in kai kwamfutar shagon mai caji a bakin titi. Kun san shagon mai caji: janareto yana ihu, wayoyi a jere kamar kifi a tire, igiyoyin caja sun cakuɗe kamar taliya. Ana gobe tafiya na je ɗauka a gurguje, na ja baƙar caja guda daga cikin taliyar, na gwada bakinta ya shiga, na naɗe na tafi. (Wannan ma ku riƙe.)

Da safe aka tada janareton biki. Na kafa tebur a falon mata don nan talabijin take, na jona komai. Da na kunna kwamfutar sai wani baƙin allo ya fito da rubutun Turanci layi uku. Ban karanta ba. Na danna maɓalli na wuce, yadda kowa yake yi. Saura abu ɗaya, a fitar da fim ɗin. Wato kamar girki ne, ka haɗa komai a tukunya, saura ya dahu, kuma furosesa ne wutar. Aikin da a da kafin ka sha shayi ya gama. Na danna, wani koren layi ya fito zai cika daga hagu zuwa dama.

Layin nan ya tsaya yana kallona.

Na buɗe tagar da take nuna aikin furosesa, na ga 0.79. Na goge ido. 0.79. Ga shi an riga an ce motocin Kano da wuri za su tashi. Hanyar Damaturu ba a wasa da ita, in yamma ta yi aka rufe, sai kwana a hanya da amarya.

Na fara abin da na iya. Na rufe duk wata manhaja da take buɗe. Na shiga saitin wuta na kai shi ƙarshe, wurin da ake cewa a ba furosesa duk ƙarfinsa. Na duba ko ƙwayar cuta ce ta shiga. Na goge wasannina, har da na ƙwallo da na yi wata guda ina saukewa. 0.79. Layin yana tafiya, amma tafiyar hawainiya mai ciwon ƙafa. Falo kuma yana cika: 'yan'uwan Mama, maƙwabta, ga dangin ango daga Kano sun jeru a kujeru da gwaggonsa a tsakiya, wata Hajiya mai gilashi. Aka fito da Yagana cikin lafaya aka zaunar da ita daidai gaban talabijin. Mama tana ta gaya wa baƙi, "Ɗana ne ya haɗa, shi ya koya wa kansa."

Na ciro waya na bincika. Duk inda na buɗe magana ɗaya ce: zafi. In furosesa ya ji zafi ya yi yawa sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ko fanka ta toshe, ko iska ba ta shiga. Na ɗaga kai na dubi falon. Jama'a, hayaƙi! Kasko a wannan kusurwa, kasko a waccan, wani a bakin ƙofa, ga Ya Kaltum ta durƙusa gaban Yagana da babban kasko, garwashi ya yi ja, tana kwance ɗankwalin da ke jikin wata kwalba. Gidan biki a Maiduguri, kun san yadda turaren wuta yake. Sai na ji wani daɗi ya kama ni, irin daɗin likitan da ya gano cuta. Na miƙe tsaye na ce da ƙarfi, "Na gano! Turaren nan ne!"

Kowa ya juyo yana kallona.

Ya Kaltum ta ɗago ta ce, "Turare ya yi me?"

"Hayaƙinsa ne yake shiga fanka, furosesa ya shaƙe. Sai an kashe duka."

"A kashe turare? A gidan amarya?" Ta juya wajen Mama. "Bintu, ɗanki lafiyarsa ƙalau?"

Mama ta matso ta ɗora tafin hannu a kan kwamfutar, yadda take taɓa goshinmu in muna zazzaɓi. Ta ce, "Ni ban ji zafi ba. Sanyi ƙalau kamar randa."

Gaskiya ta faɗa. Ni ma na taɓa na ji. Kuma duk wanda ya san abin da yake yi, nan zai tsaya ya ce, to in ba zafi, me ya kawo maganar zafi? Amma ni na riga na miƙe a gaban mutanen Kano. Na ce, "Mama, zafin a ciki yake. Ba irin wanda hannu yake ji ba ne."

Ya Kaltum ta ɗaga kwalbar ta ce, "Kai yaro, ka san wannan na waye?"

Na ce, "Ko na waye, Ya Kaltum. Kimiyya ba ruwanta."

(Har yau in na tuna wannan jimlar sai in ji kamar in shiga ƙarƙashin gado. Kimiyya ba ruwanta! Ni da ko jarrabawar fiziks sai da na maimaita.)

Da ni kaɗai ne, da Ya Kaltum ta kore ni da muciya. Amma sai muryar Yagana ta fito daga cikin lafaya, a hankali: "Ya Kaltum, don Allah ku kashe. Ina so in ga Kaka."

Shi ke nan. Ya Kaltum ta mayar da murfin kwalbar ta rufe. Aka kwashe kasake aka fitar tsakar gida. Ni da kaina na bi su da buta, na ce hayaƙi zai iya dawowa ta taga. Na zuba wa garwashin ruwa, ya yi cuuu. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi." Gwaggon ango ta gyara gilashi ta ce, "Ikon Allah. Mu da aka ce mana amaryar Borno tun daga bakin layi ake jin ƙamshinta."

Na dawo na zauna, na buɗe tagar. 0.79.

Na ce a ba shi lokaci ya huce. Aka buɗe tagogi, warin hayaƙin janareto ya shigo ya maye gurbin turare. Mata suna fifita da gefen mayafi, kowa ido a kaina. 0.79. A lokacin koren layin ya kusa rabi. Da na bar shi, wataƙila, ina cewa wataƙila, da ya lallaɓa ya kai. Amma sai wata murya a kaina ta ce hayaƙin ya riga ya daskare a kan fankar, sai an buɗe. Na taɓa ganin an yi a bidiyo. Na soke aikin. Rabin nan da aka sha wuya aka samu, na danna na soke shi da hannuna.

Na kashe kwamfutar, na kifa ta a kan tiren da aka kawo wa baƙi dabino, na ciro sukudireba. Mama ta ce, "Ka nuna mata maganar Kakan haka nan mana, ba sai da furannin ba."

Na ce, "Mama, ba a gama ba. Ba zan nuna aiki rabi ba."

Na kwance bayanta. Ƙananan kusoshi suka watse, ɗaya ya faɗa cikin kafet, har yau ba a gan shi ba. Na leƙa fankar ina shirin in nuna wa kowa baƙin da turare ya yi mata. Fanka tas! Kamar yau aka ƙera ta. Na hura mata iska dai don kada a ce ban yi komai ba. Gwaggon ango ta leƙo ta ce, "Yaro, ka gano aljanin?" Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ta fili ciwo. Daga waje direba ya fara danna ham. Wani kawun ango ya aiko a ce rana tana yi.

Na mayar da murfin, na jona, na kunna. Baƙin allon nan ya sake fitowa da layinsa uku. Na sake danna maɓalli na wuce. (Eh. Sau biyu.) 0.79. Na sake sa aikin daga farko, layin ya koma sifili.

Nan girman kaina ya karye. Na ce to bari in bi maganar Mama, in nuna bidiyon Kaka tsurarsa. Na laluba waya, sai na tuna na goge. Na buɗe shi a kwamfutar da take fama da kanta. Fuskar Kaka ta fito a talabijin, Yagana ta ɗaga lafaya ta ce, "Kaka!" Sai hoton ya daskare. Kaka baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, akuya a bayanta. Murya ta fito a gutsure, "Ya... ga... ga... ga..." ta tsaya. Yara suka fashe da dariya. Yagana ba ta yi dariya ba. Ta zuba wa hoton ido tana jira ya motsa, bai motsa ba.

Ham ya sake tashi, wannan karon bai tsaya ba. Gwaggon ango ta miƙe ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, hanya."

Ya Kaltum ta zabura ta ce, "Wallahi 'yar nan ba za ta fita haka ba." Garwashi na riga na jiƙa shi, ba lokacin hura wani. Ta shiga ɗaki da gudu ta fito da ɗan kaskon lantarki, ta duba soket, duk na cika su da kayana. Ba ta tambaye ni ba. Ta fizge cajar kwamfutata ta jefar, ta jona kaskonta. Amma kaskon lantarki sai ya ɗauki zafi, su kuma mutanen Kano sun riga sun kama hannun amarya. Aka yi addu'a a tsaye. Ya Kaltum ta cusa kwalbar cikin jakar Yagana tana kuka. Da Yagana ta zo wucewa ta gabana, na kasa ɗaga kai. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba komai, ka yi ƙoƙari." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Motoci suka tashi. Mata suka dawo falo jiki a mace, ana share ido. Ni ina zaune inda nake. Sai na ji fanka ta ɗauki kuka, fuuu. Na dubi allo.

3.2.

Koren layin yana gudu kamar an biyo shi. Na dubi cajar a yashe a ƙasa, na ɗauke ta na juya bayanta. Ba tawa ba ce. Wata 'yar ƙarama ce ta wata kwamfutar daban, ƙarfinta bai kai rabin tawa ba. Ashe irin kwamfutata in ta ji cajar da ba ta yarda da ita ba, sai ta ƙulle furosesa a ƙasa don kare kanta. Da aka cire ta koma kan batir, sai ta saki jiki. Daga baya na sake jonawa don in tabbatar, baƙin allon ya fito, na karanta shi a karon farko. Abin da yake cewa ke nan: ban gane cajar nan ba, zan rage gudu. Ta gaya min! Da bakinta ta gaya min, sau biyu, ni kuma ina can ina yaƙi da garwashi.

Fim ya gama, ya buɗe kansa a talabijin kafin in hana shi. Sunana ya fito da ruwan zinariya yana juyawa, a gaban matan da suka gama kukan rabuwa. Tantabaru suka tashi. Sannan Kaka ta fito, tas, murya garau. Kowa ya kasa kunne. Na ga Mama ta rufe baki da mayafi. Ya Kaltum ta juyo ta ce, "Injiniya, ka ji abin da ta ce, ko in fassara maka?"

Ta fassara dai, a hankali, don kowa ya ji. Kaka cewa ta yi: "Yagana, ƙafata ta hana ni zuwa. Amma na haɗa miki turare da hannuna, zan ba ƙaninki ya kawo. Kaltum za ta sa miki a wuta kafin ki fita. In hayaƙin ya taɓa ki, hannuna ne ya taɓa ki."

A daidai lokacin kaskon lantarkin ya yi ja. Ba kowa a gabansa, ba komai a kansa.

Ban san yadda na fita daga falon ba. Na tura wa Yagana bidiyon ta waya, ta kalla a Kano ita kaɗai a ɗakin da ba ta saba da shi ba. Ta ce ta kunna turaren da kanta ta zauna a kansa, wai ya yi daɗi. Na san don ni ta faɗa. Da na koma Khaddamari, Kaka ta tambaye ni ko an turara 'yarta da kyau. Na ce kwalbar ta isa Kano lafiya. Ta dube ni ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Sunan Injiniya ya mutu a layinmu. Yanzu Mai Buta ake ce min. Duk bikin da aka yi a dangi, da na shigo sai wata ta ce, "Ku ɓoye kasko, kimiyya ta iso." Cajata kuwa na koma shagon na same ta a cikin taliyar, tana nan ba wanda ya taɓa ta.

Abin da na koya, ga shi kyauta: in furosesa ya ƙi gudu, kafin ka zargi zafi, taɓa ka ji ko da zafin. Cire caja ka gani. Karanta abin da allo ya rubuta maka, ko da layi uku ne. In tsohuwa tana magana a gaban kamararka, ka bar haske ka saurare ta. Sannan duk abin da zai faru, ko kwamfutar za ta kama da wuta ne, kada ka kusanci garwashin matan Borno da buta.

Don Allah in akwai wanda ya taɓa yin abin da ya kai wannan, ko ya kusa, ya ba ni labari. Ba don in koya ba. So nake kawai in ji ba ni kaɗai ba ne.